Abin da masu tara faifan garmaho suka ce wa mai ƙaramin ƙarfi

Mun zauna da wasu da suka daɗe suna tara faya-fayai, tambayar ɗaya ce: da me mai ɗan kuɗi zai fara? Bakinsu ya zo ɗaya a kan allurar da ke karanta faifai. Suka ce a guji 'yan garmahon nan masu kama da akwati, domin allurarsu na danna faifai da nauyi har ta cinye shi. Gara garmaho ƙirar Audio-Technica AT-LP60X, wadda ke da na'urar ƙara sauti a cikinta, ko tsohuwar Technics ta hannu, a sa mata sabuwar allura.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun wuta. Yawancin kayan Amurka an yi su ne don volt 120, namu kuwa 230 ne, ka jona kai tsaye ka ƙona injin. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci, don tokumbo ya cika kasuwa.

Sai ajiya. Zafinmu na lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma na shiga tsaginsa. A jera su a tsaye, nesa da rana, a share kafin a ɗora. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti, ƙarami 45. Tsofaffin masu juyi 78 allurarsu daban ce, kuma kada sifirit ya taɓa su, narkar da su yake yi.