Filasha da ƙwari: me ya sa bayan hoto yake fitowa baƙi ƙirin?

Daga Samaru: Salamu alaikum. Ina ɗaukar hoton ƙwari a gonakin wake na wajenmu, amma da na kunna filasha sai bayan hoton ya yi baƙi ƙirin, alhali da rana na ɗauka. Jikin ƙwaron kuma ya yi ta ƙyalli, zanensa ya ɓace. Ku da kuka riga mu, yaya kuke yi?

Daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam, ƙanina. Hasken filasha ba ya zuwa da nisa. In tazara ta ninka, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne yake isa. Ƙwaron yana dab da kai ya sha haske, ciyawar da ke kamu biyu a bayansa kuwa ba ta samu komai ba. Ga shi wataƙila ka matse ƙofar lens, wato gilashin gaban kyamara, zuwa f/16 ('yar ƙaramar ƙofa) a kan saurin ɗauka na 1/200 na daƙiƙa, kuma in ka matso har ƙwaro ya fito daidai girmansa, lens ɗin kansa yana cinye wajen kashi uku cikin huɗu na hasken rana. Ni nakan tsinko ganyen da ƙwaron yake ci, in riƙe shi taki ɗaya a bayansa, sai bayan ya fito kore shar. In hannu bai kai ba, in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400, in sauko da saurin ɗauka zuwa 1/100.

Daga Sabon Gari: Yaya, maganar ƙyalli ka tsallake. Farar robar abinci na huda na sanya wa lens, filasha ta bi ta cikinta kafin ta isa. Na gwada a kan buzuzu, wanda a da sai farin tabo nake samu a gadon bayansa. Yanzu har siraran layukan fiffikensa da ƙurar da ta maƙale a gashin ƙafarsa ana gani. Abin da ya fi muhimmanci robar ta yi faɗi kuma ta matso kusa da ƙwaron. Amma kada ka kai wa rina ita, wannan kam ba ta san wasa ba.

Daga Ƙofar Doka: Ni fa ban ga laifin baƙin baya ba. Ƙoƙi-ƙoƙi a kan baƙi ya fi fitowa da kwarjini.

Daga Tudun Wada: Haka ne Malam, ga ƙwarin dare ya dace. Amma malam-buɗe-littafi cikin duhu? Duk wanda ya taɓa shiga gona zai san da sake.

Daga Shika: Ni lokaci na fi kula da shi. Mazari a bakin dam da hantsi ba ya tsayawa, amma bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, yana nan maƙale da ciyawa, raɓa a fiffike. A lokacin filasha kaɗan ta isa, sararin sama ma yakan shigo hoton. Da damina na fi samunsu. Sannan ina roƙo, kada a sa ƙwaro a firij don ya natsu, wasu suna yi kuma ana ganewa, ƙafafun sukan lanƙwashe.

Daga Samaru: Anti, na gode. To gyara fa? Nawa kore yake yin tsanwa fiye da kima.

Daga Shika: Rage ƙarfin kore kaɗai a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sauran launuka ka bar su. Ka ƙara kaifi a ido da baki, ban da bayan hoton, don can hatsi-hatsi yake fitowa. Ɗigon ƙurar hunturu da ke bayyana a f/16 ka goge, wannan dattin kyamara ne. Amma ramin da tsutsa ta ci a ganye, ko yagaggen fiffike, ka bar su yadda suke. Na taɓa nuna wa wani mai binciken ƙwari a Samaru hoton baƙuwar tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016, abin da ya fara nema ɗigo huɗun nan ne na kusa da jelarta, waɗanda ake gane ta da su. Da na goge su da sunan gyara, da hoton bai yi masa amfani ba.

Daga Sabon Gari: Ƙanina, wace filasha gare ka, ta jikin kyamara ko ta ɗorawa? Girman robar ya danganta da ita.