Dasashina ya janye: wa aka taɓa yi wa aikin nan na huda ɗan rami?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan shekara biyu ke nan ina ganin fiƙata ta sama ta hagu kamar tana ƙara tsawo. Ashe ba haƙorin ke girma ba, dasashin ne ke janyewa har saiwar ta fito fili. Ruwan sanyi kuwa in ya taɓa wurin sai in ji tsirrr har tsakiyar kaina. Likita ya auna da ɗan ƙarfen nan mai zane-zane, ya ce ya janye milimita 3. Ya ba ni zaɓi biyu: ko a yanko nama daga ganɗata a dasa a wurin, ko a huda ɗan rami a jawo dasashin ya rufe saiwar, ba yanka ba ɗinki. Don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mini yadda ta kaya, ba abin da ke jikin takardar talla ba.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Ni an yi mini na ramin, haƙora biyar a sama, zama ɗaya. Wani likitan haƙori ne a Kalifoniya ta Amurka, John Chao, ya ƙirƙiro hanyar, ya wallafa sakamakonsa a 2012, shi ya sa ba kowane likita ya iya ta ba, sai wanda ya je ya koyo.

Ga yadda aka yi. Bayan allurar kashe zafi, sai ya huda rami can sama da haƙoran, wajen da leɓe ke haɗuwa da dasashi. Ta nan ya zura wasu siraran ƙarafa masu lanƙwasa yana ɓanɓaro naman daga jikin ƙashi a hankali. Zafi babu, amma za ki ji ana turawa ana kankara, kuma ƙarar a cikin kanki take. Da naman ya saki sai ya jawo shi ƙasa ya rufe saiwoyin, sannan ya dinga cusa 'yan zirara na kolajin (wani sinadarin jiki ne da ke riƙe nama) ta ramin domin su tokare shi kada ya koma. Da aka miƙo mini madubi, wallahi na ɗan yi shiru, haƙoran sun koma tsawonsu na da. Washegari ramin da ƙyar nake gane inda yake.

Amma 'yar'uwa, wuyar aikin ba a kan kujera take ba. A gida take. Kumatuna ya kumbura kwana uku, har ƙasan ido ya yi ɗan duhu. Aka hana ni kai buroshi wurin har mako shida. Mako shida fa! Sai dai kurkure baki da kuloheksidin, wani ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma ya bar mini dafi-dafi mai ruwan ƙasa a haƙora, ya dagula mini ɗanɗano, sai da aka wanke daga baya. Aka ce kada in ɗaga leɓe in leƙa, kada harshe ya je wurin, kada in gatsa komai da haƙoran gaba. Ni kuwa da shegen son gani, a mako na biyu na ɗaga sau biyu. Yau shekara uku: huɗu sun rufu ruf, ɗaya ya ɗan koma baya kaɗan. Ban sani ba ko leƙen nawa ne ya jawo, amma zuciyata ta fi karkata can.

Hajiya Babba:
Ƙanwata, kafin ki zaɓa ki tambayi likitan abu ɗaya: dasashinki mai kauri ne ko siriri? Nawa siriri ne, da ya sa ƙarfen awon a ƙarƙashinsa ana hango shi ta cikin naman. Ya ce in ya jawo wannan kawai, kamar jan tsohon zane ne, ba zai yi ƙarko ba, sai an ƙara masa kauri. Saboda haka aka ɗebo nama daga ganɗata. Amma shi ma bai buɗe dasashin ba, ya yi masa hanya ne ta ƙarƙashi kamar rami, ya zura naman, ya ɗinke da zare siriri.

Ba zan ɓoye miki ba, ganɗar ce ta ba ni wuya, ba wajen dashen ba. Kamar ƙunar abu mai zafi ce da ta ƙi warkewa, kwana goma ina fama, duk da wata roba da aka yi mini nake sawa ta rufe wurin. Sai dai shekara takwas ke nan ko gezau. Likitan ya ce irin wannan dashen naman mutum na kansa a ƙarƙashin dasashi shi ne wanda aka fi daɗewa ana bin diddiginsa, tun wajajen 1985 ake yin sa, don haka shi ake auna sauran da shi.

Malam Shiru:
Ni ban samu ko ɗaya ba, kuma gara da ban samu ba. Wurin farko da na je, ko hoton ƙashi ba su ɗauka ba suka sa mini ranar aiki. Hankalina bai kwanta ba, na je wurin ƙwararren likitan dasashi. Hoto ya nuna ƙashin da ke tsakanin haƙorana na ƙasa ya zaizaye, ciwon dasashi ne ya daɗe yana ci ban sani ba. Ya yi mini bayanin rabe-raben Miller, wato yadda likitoci ke kasa janyewar dasashi aji huɗu: na ɗaya da na biyu, inda ƙashin tsakani ke nan lafiya, ana sa ran rufe saiwar gaba ɗaya, na uku sai dai a rufe wani sashe, na huɗu ba a sa rai. Nawa tsakanin uku da huɗu yake. Abin da aka yi mini shi ne kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashin, ina komawa duk wata uku. Jinin da nake gani in na goge baki ya tsaya, haƙoran sun daina motsi sosai.

Ɗan Autan Mama:
Nawa dasashin ya sake janyewa cikin shekara guda bayan aikin, kuma laifina ne. Buroshi mai tauri nake saya, ina dirza gefe da gefe kamar mai wankin tukunya, ga sigari ban daina ba. An gaya mini taba tana rage jinin da ke zuwa wa naman, na ji ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Direba, shi wannan kolajin daga me ake yin sa?

Direban Dare:
Daga dabba ne, kuma da yawa daga cikinsu na alade ne, akwai kuma na saniya. Ni sai bayan an gama na tambaya. Ke ki tambaya tun kafin, ki ce a nuna miki kwalin.

Uwar Biyu:
Na dawo da labari. Jiya na koma da tambayoyinku a rubuce. Hoto ya nuna ƙashina lafiya lau, amma dasashin siriri ne irin na Hajiya, kuma ya ce wayar gyaran haƙori da na sa ina budurwa ta ɗan turo fiƙar waje, ga dirza da nake yi. Ya canza mini buroshi zuwa mai laushi, ya ba ni man goge baki na rage zugi, ya ce in dawo bayan wata biyu ya ga ko hannuna ya yi sanyi kafin a sa rana. Da alama dai ganɗar tawa ba za ta tsira ba. Hajiya, ita wannan robar, da ita kike kwana ko cirewa kike yi?

Hajiya Babba:
Kwana biyun farko ban cire ba sam, dare da rana. Bayan nan sai lokacin cin abinci da barci kawai nake sawa.