Naval partnership da Hausa: ƙawance ne ko haɗin gwiwa?

Jama'a a taimaka min. Ina fassara wani labari sai na ci karo da naval partnership, ban ma yi tunani ba na rubuta "ƙawancen sojojin ruwa", daga baya kuma raina bai kwanta ba. In ka ce ƙawance a harkar soja mai karatu NATO zai tuna, wato a taɓa ɗaya an taɓa duka. Wannan kuwa ba alkawarin shigar wa juna yaƙi ba ne. Ku duba mashigin Malaka, tun 2004 Indunusiya da Maleshiya da Singafo ke sintiri a tsare, Tailan ta shigo 2008, amma kowa jirginsa a ruwan ƙasarsa yake, bayanai ake miƙa wa juna.

Dalilin abin ma shi ne iyaka. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓa, kusan kilomita 22 kenan, to in ka biyo ɗan fashi a guje ya faɗa ruwan maƙwabciya shikenan dole ka ja birki, sai dai in da ma kun shirya ka buga musu waya su tare shi ta can. Irin wannan ɓarakar aka so toshewa da yarjejeniyar Jibuti a 2009 da ta Yawunde a 2013 ta mashigin tekun Gini.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a ce "taimakekeniya". Malam kalmar ta yi daɗi wallahi, amma sa ta a kanun labari ka ga yadda za ta cinye layi. Wani kuma ya ce "atisayen haɗin gwiwa", amma atisaye ai reshe ɗaya ne, kamar Obangame Express da Amurka ke ɗaukar nauyi, ana gamawa kowa ya koma gida.

Ni dai na tsaya a "haɗin gwiwar tsaron teku". Teku fa, ba ruwa ba, don "tsaron ruwa" wani sai ya zaci maganar dam ake ko famfo, duk da mun saba cewa sojojin ruwa kuma ba wanda zai iya canza wannan yanzu. In labarin na rundunonin ne zalla sai in ce "haɗin gwiwar sojojin ruwa".

Saura rigima ɗaya, gwiwa za mu rubuta ko guiwa? Editana guiwa yake so.