Ina neman shawara kan lissafin guzurin tafiya daga Kano zuwa Abidjan ta ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan damina nake son ɗaukar jakata a baya in bi hanyar gaɓar teku: Kano zuwa Legas, in tsallaka Seme zuwa Kwatano, sai Lome, in shiga Gana ta Aflao, in ƙare a Abidjan. Biza ba damuwa ba ce tunda fasfon ECOWAS yana ba da kwana 90, kuma katin rigakafin shawara yana hannuna.

Inda na maƙale shi ne canji. Benin da Togo da Kwaddibuwa sefa suke kashewa, Gana kuma sidi. Shin in canza komai zuwa sefa a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, tun kafin in tashi, ko in riƙe dala in riƙa canzawa a hanya? Naira ba ta zama wuri ɗaya, duk lissafin da na yi a takarda sai ya rushe. Ga tsoron yawo da kuɗi masu yawa a jiki, musamman a motar dare.

Sai kuma abin da ake karɓa a kan iyaka ba rasit. Wannan ya fi damuna, domin ban san gurbin da zan ware masa ba.

Don Allah wanda ya bi hanyar nan kwanan nan ya taimaka min. Masauki a zangon Hausawa, irin Nima a Akara, yana rage kashe kuɗi da gaske? Kuma kashi nawa na guzurin ya kamata in ɓoye saboda rashin lafiya da kuɗin motar komawa gida?