Me za mu kira "draft" da Hausa?

Jama'a, wata kalma ta tsaya mini a wuya tun watan Afrilun 2024, lokacin da nake fassara labarin Caitlin Clark, yarinyar da ta bar Jami'ar Iowa da maki 3,951, adadin da babu namiji ko macen da ya taɓa tarawa a babban rukunin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. Ranar 15 ga watan, ƙungiyar Indiana Fever ta gasar ƙwararrun ƙwallon kwandon mata, wato WNBA, ta ɗauke ta ta hanyar abin da suke kira "draft". Na rubuta "ta saye ta", na goge, don ba ciniki aka yi ba.

Ga yadda abin yake. Ɗalibai sun gama wasa a jami'a, ƙungiyoyin ƙwararru sai su jeru, kowace ta ɗauki mutum ɗaya, layi ya zagayo. Galibi ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ake ba gaba, don kada mai ƙarfi ya kwashe komai. A gasar mata ta WNBA zagaye uku aka yi a shekarar, 'yan wasa 36, amma ƙungiyoyi huɗu na ƙasan teburi sai da aka yi musu ƙuri'a don a san wadda za ta fara ɗauka. A ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wato NFL, zagaye bakwai ne, ƙungiyoyi 32.

"Daraf" ba za ta yi ba. Wannan suna yana da mai shi: wasan da ake bugawa a kan benci a bakin titi bayan la'asar. "Zaɓe" kuwa, mai karatu zai hango akwati da dangwale. Wani ɗan'uwa ya ce mini "ƙuri'ar 'yan wasa", amma ƙuri'ar ɗan ɓangare ce kawai.

Ni adashi na tuna. A gidanmu, uwar adashi na da ɗan littafi mai jan bango, kowa da ranar ɗibansa, kuma wadda ta fi matsuwa akan bar mata ɗiban farko. To, ai shi ke nan! Shawarata: ɗiban bi-da-bi. Wanda aka fara kira, ɗiban fari.

Ku ji ta a baki: "Ƙungiyar Chicago Bears ta NFL ta yi ɗiban fari da Caleb Williams na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2024." Ni dai ta zauna mini.

Abin da ya rage shi ne wanda aka gama zagaye duka ba a kira sunansa ba. "Ragowa" ta yi masa zafi. Masu karatu na Damagaram da Sakkwato, me kuke cewa?