An tilasta wa ƙanwata sa hannu a takardar khul'i, ko za a iya warware ta?

Baban Yusra, Agege:
Assalamu alaikum. Auren ƙanwata ya mutu a watan jiya bayan ta daɗe tana shan duka. Mijin ya ce ba zai sake ta ba sai ta mayar da sadaki, ta kuma bar masa firizar da take sana'ar ƙanƙara da ita da kuɗin adashinta. Da daddare aka rubuta takardar a gaban danginsa, babu waliyyinta, yana barazanar raba ta da 'ya'yanta, sai ta sa hannu. Shin akwai hanyar da za ta bi ta karɓo haƙƙinta?

Malam Habu, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta haƙuri. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, mace na iya fansar kanta da sadakinta, ko ƙasa da shi, ko fiye, matuƙar ba cutarwa ce ta kai ta ga haka ba. Idan kuwa cutarwa ce, sakin ya tabbata, abin da ta bayar kuma ya dawo hannunta. Aikin yana wajen tabbatar da cutarwar, don haka ku nemo maƙwabtan da suka sha jin kukanta tun kafin su ce sun manta.

Hajiya Maman Sadik, Ikeja:
Malam ya faɗi hukunci, saura wurin kai ƙara, domin gwamnatin Legas ba ta kafa kotun shari'ar Musulunci irin ta Kano ko Zariya ba. Akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa, amma sai mijin ya yarda ya halarta, haka ma zaman sulhu a fadar Sarkin Hausawa. Idan ya ƙi, ta je ofishin lauyoyin da gwamnatin jiha ta tanada kyauta, wato OPD. Yarjejeniyar da aka ƙulla bisa barazana kotu na iya soke ta, sai dai jinkiri yana raunana ƙara, don za a ce ta amince daga baya. Ta adana saƙonnin WhatsApp, katin asibiti da rasidin firizar. Riƙon yara da ciyar da su kuwa kotun iyali ce ke duba su a ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta Legas ta 2007, kuma maslahar yaran take bi.

Baban Yusra:
Na gode, Malam da Hajiya. Rasidin da sunanta yake, amma mijin ya riƙe takardar khul'in, bai ba ta kwafi ba.

Hajiya Maman Sadik:
Lauya zai rubuta masa ya fito da ita. Kafin nan kada ta sa hannu a wata sabuwa.