Rimot ya daina ƙara murya bayan haɗa doguwar sifika: abin da kowa ya gani a gidansa

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa talabijin ɗin falonmu doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin allo, sauti kuwa ya fito yadda ake so, amma tun daga ranar rimot ɗin talabijin ya daina ƙara murya ko rage ta. Yana kunnawa, yana canza tasha, sai dai idan aka danna maɓallin murya wata alama ce kawai take fitowa a allo, ƙarar kuma tana nan yadda take. Mahaifiyarmu ce ta fi zama a falon, idanunta ba sa ganin ƙananan maɓallan rimot ɗin sifikar, kuma ba na son ta riƙa jiran wani yaro ya shigo kafin a rage mata ƙara idan an kira salla. Duk wanda ya taɓa fama da wannan, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai gyaran kayan lantarki, daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tun da rimot ɗin yana canza tasha, lafiyarsa ƙalau, kada ka sayi wani. Duba bayan talabijin ka ga wace waya ce ta tafi sifikar. Idan siririya ce wadda jan haske yake fitowa a bakinta, wato wayar oftikal, to a nan matsalar take, domin sauti kawai take ɗauka, ba ta kai wa sifika umarnin kowane maɓalli. Mafi yawan masu kawo mini wannan ƙorafi a shago, da ita aka haɗa musu.

Abin da kake buƙata shi ne wayar HDMI, kuma ka sa ta a ramin da aka rubuta ARC ko eARC (sabon samfurin ARC) a gefensa, a talabijin da kuma a sifikar, saboda yawanci rami ɗaya ne tak yake da wannan aiki. ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a shekarar 2009, shi ne yake mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika. Umarnin murya kuma yana bin wata hanya daban da ake kira CEC, wadda take gudana a kan fil na 13 daga cikin fil 19 da ke bakin wayar. Dole ne a kunna CEC a cikin saitin talabijin, kuma abin da yake rikita mutane shi ne kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung suna cewa Anynet+, LG suna cewa SimpLink, Sony suna cewa Bravia Sync, Panasonic kuma Viera Link. Bayan ka kunna, sai ka shiga saitin sauti ka zaɓi sifikar waje a matsayin inda murya za ta fita.

Mai tambaya:
Na duba, Malam, wayar oftikal ce kuwa, kuma akwai rami ɗaya mai ARC a bayan talabijin ɗin. In sha Allahu gobe zan biya ta PZ in nemo HDMI.

Malamar makaranta, daga Samaru:
Namu ya bambanta da naka, amma zan faɗa don wanda abin zai amfana. A gidanmu da HDMI aka haɗa tun farko, duk da haka rimot ɗin sai ya ga dama yake aiki; idan mutum yana tsaye ya danna ya yi, idan ya zauna a kan kafet kuwa ko motsi. Ashe sifikar ce ta tare idon talabijin, ɗan gilashin nan da ke ƙasan allo mai karɓar saƙon rimot. Irin waɗannan rimot da wani haske da ido ba ya gani suke aiki, kuma hasken ba ya ratsa abin da ya tare shi. Muka ɗora talabijin a kan katako ya ɗan ɗagu, shi ke nan. Ƙanena ne ya nuna mini yadda ake gwada rimot: a buɗe kyamarar waya, a nuna mata kan rimot ɗin a danna maɓalli, idan yana da rai za a ga haske yana ƙiftawa a allon wayar. Wasu wayoyin suna tace wannan haske a kyamarar baya, saboda haka a gwada ta gaba kafin a yanke hukunci.

Ɗalibi, daga Kongo:
Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Malam mai gyara, domin ko an haɗa komai daidai, ɗauke wuta yana iya warware shi. A ɗakinmu duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka juya zuwa janareta, sai talabijin ya manta da sifikar. Wani lokaci sauti yana fita amma murya ba ta motsi, wani lokaci kuma ya koma ƙananan sifikunsa na ciki. Kashewa da rimot ba ya magance wannan, saboda na'urorin ba su mutu da gaske ba, barci kawai suke yi. Abin da yake yi mana aiki shi ne mu zare filogin duka biyun daga soket, mu zare wayoyin HDMI, mu jira kamar minti biyu, sannan mu mayar da wayar sifika ita kaɗai mu kunna. Idan murya ta dawo, sai mu mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ta haka muka gano cewa ƙaramin akwatin kallon fina-finai da muka sa a rami na biyu shi ne yake dagula lamarin. Duk na'urorin da ke jikin talabijin layin CEC ɗaya suke rabawa, don haka idan ɗaya ta rikice tana iya toshe wa sauran hanya. Muka kashe CEC a saitin akwatin, muka bar na talabijin da na sifika a kunne, tun daga lokacin matsalar ta ragu sosai.

Magidanci, daga Ɗanmagaji:
Ni da rimot ɗin dikoda muke kallo, shi ne ya daina rage murya a wasu tashoshi, a wasu kuma yana yi. Dalilin shi ne idan an saita dikoda ta fitar da sautin Dolby Digital, tana miƙa shi ne a ƙunshe yadda ya zo, ba ta taɓa ƙararsa, sifika ce kaɗai take iya buɗe shi ta rage. Da na mayar da saitin zuwa PCM, wato sautin da dikoda take buɗewa da kanta kafin ta miƙa, sai maɓallin ya dawo aiki a kowace tasha. Gaskiya an rasa sautin nan mai zagaye ɗaki, amma ga mai kallon labarai da tafsiri ban ga asarar da aka yi ba.

Dattijo, daga cikin Birni:
'Ya'yana, kada ku sa mai tsohon talabijin ya ɗauka sai ya sayi sabo. Nawa ba shi da ramin ARC ko ɗaya, da oftikal nake amfani har yau. Sifikata tana cikin masu iya koyon rimot ɗin wani, takardar da ta zo da ita ce ta bayyana maɓallan da ake dannewa, jikana ya bi bayanin, yanzu idan na danna rimot ɗin talabijin ita take amsawa kai tsaye. Ba kowace sifika ce take da wannan ba, don haka a duba takardar kafin a jefar da kwalin.

Mai gyaran kayan lantarki:
Baba ya yi gaskiya, sai dai wanda zai bi wannan hanya ya kashe sifikun cikin talabijin a saiti, in ba haka ba murya za ta riƙa fita ta wuri biyu kamar amsa-kuwwa. Malam na Tudun Wada, idan ka je sayen wayar ka nemi a gwada maka ita a shagon, saboda na sha ganin waya mai araha da take nuna hoto tsaf alhali fil na 13 ba a haɗe yake ba. Ga sifika mai eARC kuma, ka nemi wayar HDMI da aka rubuta Ethernet a jikin ledarta.